Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Tafiya a Kan Ƙanƙara Kafin a Damƙa Musu Sandar Hoki

Duk wanda ya taɓa leƙa filin ƙanƙara ranar da ake karɓar sababbin yara ya san abin da ake gani. Ga yaro ɗan shekara huɗu an naɗe shi da kayan kariya daga kai har ƙafa, an damƙa masa sanda, uba na bayan gilashi riƙe da waya yana jiran ya ga an jefa faifai, wato 'yar kewayayyiyar robar da ake bugawa a hoki, a raga. Shi kuwa yaron ko miƙewa bai iya ba, sandar ta zame masa abin dogarawa kamar ta tsoho. Hoki na ƙanƙara aikin ƙafa ne kafin ya zama aikin hannu. Yaron da ƙafarsa ta zauna a kan ƙanƙara zai koyi sarrafa sanda cikin 'yan makonni, amma wanda aka yi wa gaggawa zai shekara yana bin faifai a baya, kullum sai an riga shi isa. Saboda haka a wannan jagora sanda ce za ta zo ƙarshe.

Yaushe ake farawa

Yawancin yara suna iya farawa tsakanin shekara 3 zuwa 5, amma shekarun ba su ne ma'auni ba. Duba ko yaron yana gudu a ƙasa ba ya yawan tuntuɓe, ko zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, ko yana bin umarni mai gaɓa biyu kamar "tsuguna, sannan ka taɓa gwiwa". In waɗannan sun samu, ya isa. In kuma ya fara yana ɗan shekara 7 ko 8, babu abin da ya wuce shi, sau da yawa ma irin waɗannan kan kamo na gabansu cikin watanni, domin jikinsu ya fi ƙwari kuma sun fi fahimtar magana.

Minti 20 zuwa 30 ya ishi ƙaramin yaro. Sau biyu a mako na rabin awa ya fi sau ɗaya na awa biyu nesa ba kusa ba.

Takalmi, inda rabin matsalar take

A nan zan daɗe, domin yawancin yaran da ake cewa "idon sawunsu ba ƙwari" lafiyarsu ƙalau, takalmin ne ya yi musu yawa ko ba a ɗaure shi ba. Iyaye kan sayi babba don yaro ya girma a ciki. A takalmin makaranta wannan dabara ce, a na ƙanƙara kuwa zalunci ne. In dunduniya tana motsi a ciki, wuƙar da ke ƙarƙashi za ta kwanta gefe, yaron ya riƙa tafiya a kan idon sawu, kuma babu abin da za ka koya masa ya zauna.

Takalmin hoki yakan zama lamba ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi, ƙasa da takalmin yau da kullum. Amma kada ka dogara da lamba. Zare shimfiɗar cikin takalmin, ka sa yaron ya taka ta a tsaye, dunduniya a ƙarshenta. Abin da ya rage a gaban babban yatsa kada ya wuce faɗin ɗan yatsan hannu. Ko kuma ka kwance igiya, ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa, ka zura yatsa a bayan dunduniya: ɗaya ya shiga, daidai ne, biyu suka shiga, ya yi yawa. Safa guda ɗaya, siririya, doguwa. Safa biyu masu kauri ba sa ƙara ɗumi, matse jini suke yi ƙafa ta ƙara sanyi.

Wajen ɗauri, yaron ya zauna ya buga dunduniya a ƙasa ta koma mazauninta. Ka ja igiya daidai-wa-daida a wajen yatsu, ka matse sosai a wajen da ƙafa ke lanƙwasa, sannan ramukan sama su kama amma su bar gwiwa ta iya zuwa gaba. Kada a naɗa ragowar igiya a ƙwauri, tana hana lanƙwasawa. In ta yi tsawo a sayi gajera. In ya miƙe tsaye, wuƙaƙen biyu su tsaya cak, ba su kwanta ciki ba.

Ita kanta wuƙar tana da sirrin da ya kamata mai koyarwa ya sani. Kaurinta bai wuce milimita 3 ba, kuma ƙasanta ba shafe yake ba: mai washi yakan yi mata ɗan kwarmi a tsakiya tun daga gaba har baya, sai ta zama da kaifi biyu, na ciki da na waje. Zan riƙa cewa kaifin ciki da kaifin waje, don in na ce bakin ciki wani zai ɗauka wata magana ce daban. Duk abin da ake yi a kan ƙanƙara, turawa, juyawa, birki, a kan waɗannan kaifi biyu ake yin sa. Kwarmin da aka fi yi wa masu koyo shi ne na rabin inci, wato kusan milimita 13. Sabon takalmi yakan zo ba washi, kuma yaron da aka sa masa shi haka zai riƙa zamewa gefe kamar an shafa wa ƙafarsa sabulu. Gwaji mai sauƙi: goga farcenka a hankali a kan kaifin, in ya kankaro ɗan fari, akwai kaifi.

Wuƙar takalmin hoki tana da ɗan lanƙwasa gaba da baya kamar ƙasan kwale-kwale, shi ya sa mai koyo kan yi baya luuu in ya miƙe sambal. Na masu rawar ƙanƙara ya fi tsawo da shimfiɗuwa, yana kuma da haƙora a gaba. In hoki ake nufi, a fara da na hoki, kada yaro ya saba da tura kansa da haƙoran da zai rasa daga baya. Wanda ake ɗaurawa mai wuƙa biyu kuwa, ni ban ga amfaninsa ba, tunda ba shi da kaifin da za a koya.

Sauran kaya

Hular kwano ba a ciniki a kanta. Ta hoki ake so, mai ragar ƙarfe a fuska, mai tambarin hukumar tantancewa: CSA a Kanada, HECC a Amurka. Ta keke ba ta rufe ƙeya yadda ya kamata, alhali ƙeya ce ke fara dukan ƙanƙara in yaro ya yi baya. Hular hokin ta zauna kamar yatsa ɗaya a saman gira, in ya girgiza kai kada ta yi rawa, kuma kada a cusa hular sanyi mai kauri a ƙarƙashinta.

Safar hannu ma dole ce, ba don sanyi kaɗai ba, don wuƙaƙen sauran yara. Haka makarin wuya. Bayan rasuwar ɗan wasa Adam Johnson a birnin Sheffield na Ingila a watan Oktoban 2023, sakamakon yankan wuƙar takalmi a wuya, hukumar hoki ta duniya IIHF ta wajabta makarin wuya a gasanninta, ita ma hukumar hoki ta Amurka, USA Hockey, ta wajabta shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 daga 1 ga Agustan 2024. A Kanada kuwa an daɗe da tilasta shi ga yara. Ƙara da makarin gwiwa da na gwiwar hannu, da wando mai hana ruwa shiga. Yaron da faɗuwa ba ta yi masa zafi ba ya tsoron gwadawa.

Sannan a kai shi bayi kafin a fara sa kaya. Wanda ya taɓa kwance wa yaro duk wannan shiri minti biyar da shiga fili ya san dalili.

Mataki na farko: a ƙasa, ba a ƙanƙara ba

A gefen kowane fili akwai shimfiɗar roba da ba ta ɓata kaifi. Nan za a fara. Ya yi tafiya da takalmin, ya ɗaga gwiwa kamar soja a fareti, ya tsuguna ya miƙe, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Minti biyar ya isa. Kada ya taka siminti ko ƙarfe, taku biyu ya isa ya kashe washi.

A nan kuma za a fara koyar da abu mafi muhimmanci a ranar farko, wato faɗuwa da tashi.

Mataki na biyu: faɗuwa da gangan

Da rarrafe yaro kan tashi, haka abin yake a ƙanƙara. Yaro zai faɗi sau talatin a darasin farko ko ka so ko ka ƙi, don haka gara ya san yadda ake yi. Ka nuna masa da kanka: ka lanƙwasa gwiwa sosai har ka kusa tsugunawa, ka kwanta gefe a kan cinya da ɗuwawu, haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, hannuwa a gaba kusa da jiki. Ba a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, nan ne wuyan hannu kan karye. Da an faɗi kuma a dunƙule yatsu a janyo su jiki.

Tashi yana da tsari, kuma kowane lokaci da kalmomi iri ɗaya za ka faɗe shi har ya haddace. A juya a yi rarrafe, hannu biyu gwiwa biyu. A ɗago ƙafa ɗaya a kafa wuƙa a tsakanin hannuwa. A ɗora tafin hannu biyu a kan wannan gwiwar a danna. A janyo ɗaya ƙafar, a miƙe a hankali, gwiwa a lanƙwashe. Ka mayar da shi wasa: "Kowa ya faɗi! Wa zai riga ni tashi?" Ka bari ya riga ka.

Abin da ke da wuya a nan ba ga yaron yake ba, ga babba yake. Hannunka zai riƙa ƙaiƙayin ɗaga shi. Ka daure. Ka durƙusa kusa da shi, in ƙafar tana zamewa ka tokare masa wuƙar da hannunka mai safa, amma shi zai tashi. Ranar da ya tashi da kansa, tsoron ƙanƙara ya ragu da rabi, don ya gane faɗuwa ba kurkuku ba ce.

Mataki na uku: tsayuwa da taku

Ana shiga fili ta ƙofa a gicciye, hannu a kan katanga, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. In motar gyaran ƙanƙara ta gama wucewa yanzu, irin wadda Frank Zamboni ya ƙera a Kalifoniya a 1949 har sunansa ya bi ta, to filin ya fi kowane lokaci santsi. Mai koyo ya fi jin daɗin ƙanƙarar da aka ɗan tattaka ta yi gari-gari.

Tsayuwar da ake so: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe har ta rufe masa ganin yatsun ƙafarsa, ƙirji a ɗage, ido na kallon gaba, hannuwa a gaba kamar an ɗora su a kan tebur. Kalmar da za ka fi furtawa a shekarar farko ita ce "gwiwa". Yara kan sunkuya daga ƙugu su ɗauka sun lanƙwasa, don haka ka ce masa ya zauna a kujerar da ba a gani. Ka ba shi doka guda ta gaggawa: in ka ji kana tangal-tangal, kama gwiwoyinka. Wannan na saukar da nauyinsa ƙasa ya kuma kawo shi gaba, maimakon ya riƙa fiffika hannu sama ya yi baya.

Daga nan sai taku. Ƙanana, da sauri, ana ɗaga ƙafa ana ajiye ta gaba ɗaya, yatsu na ɗan kallon waje kamar tafiyar agwagwa. Ka tsaya taku uku a gabansa ka ce ya zo. In ya iso ka ƙara ja baya. Kada ka riƙe hannayensa sama da kansa kana jan sa, domin a haka a jikinka yake rataye, ƙafarsa ba ta koyon komai, kafaɗarsa kuma na iya gocewa in ya zame. In dole sai an riƙe, ka miƙa masa yatsa ɗaya a daidai ƙugunsa. Kuma kada babba ya kuskura ya ɗauki yaro a hannu yana kan ƙanƙara, in ya faɗi daga sama yaron zai faɗo.

Akwai ƙarfen turawa da kujerun roba da ake ba masu koyo. Ga yaron da tsoro ya hana shi motsi, minti biyar da shi ba laifi. Fiye da haka yana koya masa jingina gaba da miƙaƙƙun ƙafafu, ranar da aka karɓe kuma sai a koma farko.

Mataki na huɗu: sulalewa

Taku, taku, taku, sai a haɗa ƙafafu a bar takalmi ya tafi da kansa. Da farko zai sulale taƙi ɗaya, daga baya ya yi tsawon jikinsa. Ka riƙa ƙirga masa da ƙarfi. In ya samu wannan, ya sulale yana tsugune, ya sulale yana taɓa gwiwa, ya taɓa yatsun ƙafa, ya bi ta ƙarƙashin hannunka.

Sai buɗe-rufe. A haɗa dunduniya, yatsu a waje kamar harafin V, a lanƙwasa gwiwa a danna kaifin ciki, ƙafafu su buɗe da kansu, sannan a juyo yatsu ciki a janyo su su haɗu. Sawun da zai bari a ƙanƙara zai yi ta kumbura yana tsukewa kamar jikin kalangu. Wannan ne karo na farko da yaro zai ji cewa danna kaifi gefe shi ke kai mutum gaba, kuma a kan wannan aka gina duk gudun hoki. In ƙafafun sun buɗe sun ƙi dawowa, ya buɗe da yawa ne, ko kuma gwiwa ta miƙe.

Mataki na biyar: birki

Kada a bari gudu ya riga birki zuwa. Yaron da ya iya gudu bai iya tsayawa ba, katanga ce birkinsa, ko kuma wani yaron.

A fara a tsaye, hannu a katanga. Ya tura ƙafa ɗaya gefe yana kankarar saman ƙanƙara har gari ya taru. Sirrin shi ne wuƙar ta kusa miƙewa tsaye, ta shafi saman kawai. In ta kwanta da yawa za ta cije ta ƙi tafiya. Dabarar da na fi so ita ce a zana fuska ko tauraro a kan ƙanƙara da alƙalamin allo mai gogewa, a ce ya share da takalmi. Zai yi sau hamsin bai san darasi yake ba. Ƙafar dama, sannan ta hagu, daidai da daidai.

In garin yana fita, a gwada ana tafiya a hankali: a sulale da ƙafa biyu, a lanƙwasa gwiwa, a juyo yatsu ciki kaɗan, a tura dunduniya waje ana kankara. Wasu yaran sun fi samun sa da ƙafa ɗaya a gaba, wannan ma daidai ne. Birkin 'yan hoki na gaske, wanda ake juya jiki gaba ɗaya gefe ƙanƙara ta yi feshi, daga wannan yake fitowa, amma sai bayan watanni. In lokacinsa ya zo, a tilasta ɓangarorin biyu. Akwai manyan 'yan wasa da har yau gefe ɗaya kawai suke iya tsayawa da kyau, don ba wanda ya matsa musu suna yara.

Mataki na shida: tura da ƙafa ɗaya, sannan gudu

Ya sa ƙafa ɗaya ta kalli gaba, ɗayar a bayanta a gicciye kamar harafin T. Ya danna kaifin ciki na ta bayan ya tura, ya sulale a kan ta gaban. Sai ya maimaita da ƙafa guda tun daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo da ɗayar. Daga nan a fara ƙirga tsawon sulalewa a kan ƙafa ɗaya: ɗaya, biyu, uku. In da za a tambaye ni ma'auni guda na ci gaban yaro, wannan zan zaɓa, domin gudu a ƙanƙara ba komai ba ne illa sauya sulalewa daga ƙafa zuwa ƙafa.

Cikakken taku yana da gaɓa uku. Turawa gefe da ɗan baya, ba baya sak ba kamar mai gudu a ƙasa, don wuƙa ba ta da abin kamawa ta nan. Miƙe ƙafar har ƙarshe, daga kwankwaso zuwa yatsu. Sannan dawo da ita ƙarƙashin jiki, ƙasa-ƙasa, kafin ɗayar ta tura. Kurakuran da za ka gani sanannu ne: gajeren taku kamar mai gudu a kan garwashi, ƙafafu a wage ba sa dawowa tsakiya, kai na sama da ƙasa, hannuwa na lilo gefe da gefe maimakon gaba da baya. Kada ka gyara su duka rana ɗaya. Ɗauki ɗaya, kuma kusan kullum in ka gyara gwiwa sauran kan biyo.

Juyawa, tsallake ƙafa, da tafiya da baya

Juyawa daga kai take farawa. Inda ido da kafaɗa suka kalla, nan takalmi zai bi. A jera robobi a ƙasa ya riƙa zagaye su da ƙafa biyu, ƙafar da ke cikin kwana tana ɗan gaba, jiki ya ɗan karkata ciki. A nan ne zai fara hawa kaifin waje, wanda shi ne ya fi ba yara tsoro don ji suke kamar za su kife.

Tsallake ƙafa a kwana, wato ɗora ta waje a kan ta ciki, a fara shi a tsaye: ya bi layin da aka zana a fili a gicciye, yana tsallaka ƙafa kan ƙafa. In ya saba sai a koma da'ira. Lura da wani abu: a lokutan da ake buɗe fili ga kowa, yawanci ana zagayawa ne ta hannun hagu, saboda haka yara kan ƙware a kwanar hagu su bar ta dama a baya. Ka nemi kusurwa ka rama wa ɓangaren da aka cuta.

Tafiya da baya ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato in gwiwa ta zauna. A fara da karkaɗa ƙugu hagu da dama, ƙafafu a haɗe. Sai buɗe-rufe ta baya, wannan karon yatsu ne a haɗe dunduniya a waje. Sai kowace ƙafa ta riƙa zana harafin C ita kaɗai. Baya a miƙe, kai a ɗage, kuma a riƙa waiwaye.

Yanzu a kawo sanda

In yaro yana tashi da kansa, yana sulalewa da ƙafa ɗaya daƙiƙa biyu ko uku, yana tsayawa in an ce tsaya, yana kuma ɗan ja da baya, to sanda ba za ta zame masa abin dogarawa ba. Tsawonta, yana sanye da takalmi, ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. A yanke ta, kada a bar masa doguwa don ya girma, tana miƙar da shi tsaye ta rushe duk aikin gwiwar da aka yi. Kociyoyi da yawa sun fi son hannun da ya fi ƙarfi ya kasance a sama, don shi ke juya sanda. In ana shakka a ba shi sandar da bakinta ba lanƙwasa, a ga yadda zai kama da kansa.

Kwanakin farko ya maimaita duk matakan baya da sanda a hannu, bakinta a ƙasa, ba faifai. Sannan a kawo faifai. Na manya baƙi ne, na roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170. Na yara shuɗi ne, kusan giram 113. Da shi za a fara. Ya tura shi a gaba yana tafiya, ido na ɗagowa lokaci-lokaci.

Filin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, tsawonsa ƙafa 200 ne, faɗinsa 85, na ƙasa da ƙasa kuma yakan kai mita 60 da 30. Ɗan shekara biyar a irin wannan fili ɓata yake yi, mai sauri ɗaya ya ɗauke faifai sauran su yi ta bin sa. Shi ya sa USA Hockey ta fito da tsarin renon 'yan wasa a 2009 wanda ya sa ƙananan yara wasa a gicciyen fili, takwararta ta Kanada, Hockey Canada, ma ta wajabta haka ga mafi ƙanƙanta daga kakar 2017 zuwa 2018. A ƙaramin wuri dole a yi ta tsayawa, juyawa da tashi, wato ainihin abin da ake son su koya. Bangazar juna kuwa babu ita a wannan mataki ko kusa: Amurka ta ɗage ta zuwa rukunin 'yan 13 da 14 a 2011, Kanada ta bi sahu a 2013.

Yadda rabin awa zai kasance

Ƙaramin yaro ba ya jure bayani fiye da jimla biyu, kuma layin jira shi ne babban maƙiyi: yaro a tsaye sanyi yake ji, sai kuka ko tsokana. Minti biyar na farko a bar su su yi yawo yadda suke so. Biyar na gaba faɗuwa da tashi da taku. Goma a kan abu guda sabo, a raba shi gida biyu da wasa a tsakani. Sauran duk wasa. Danja: kore a tafi, ja a taka birki. A watsa ƙananan kayan wasa su tsinto su zuba a bokiti, wanda ke tilasta tsugunawa da juyawa ba tare da an ce komai ba. A hura kumfar sabulu su bi suna fashewa. A tsallake shuɗin layin da aka zana a fili da ƙafa biyu. A yi guje-guje, wanda aka taɓa ya daskare sai an bi ta gefensa an cece shi. A tashi tun suna son ƙari.

Wata rana zai zauna a ƙanƙara ya ce ba ya yi. Duba abu uku kafin ka kira shi rigima: takalmi na cizo, yatsu sun yi sanyi, ko yunwa da gajiya. In ba ko ɗaya, ka zauna kusa da shi ku tara garin ƙanƙara, sau da yawa da kansa zai miƙe in ya ga sauran na dariya. In bai miƙe ba a tafi gida, a dawo jibi. Tsawa daga bayan gilashi ba ta taɓa gyara takun kowa ba, kuma in akwai koci a fili, uba ya bar masa maganar.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. In kai ya bugu, ko da hular kwano, yaron ya fita. In ya yi amai, ko ya ce kansa na ciwo, ko ya rikice, ko barci ya riƙa fizgarsa, likita zai gani a ranar, kuma ba ya komawa fili sai da izininsa. Na biyu, ga masu fita kan tafkin da ya daskare: ƙungiyar Red Cross ta Kanada ta ce kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taron masu wasa. Ƙanƙara mai launin toka alamar ruwa ce a ciki, ba a hawa, haka wadda ke kan ruwa mai gudu.

Bayan an fito, ka cire masa takalmi da safa ka duba ƙafar. Jan tabo da bai ɓace ba bayan minti goma yana nuna inda takalmin ke matsa, mai gyara zai iya buɗa wurin. Ka goge wuƙaƙen da tsumma har su bushe, ka sa musu rigar yadi. Marufin roba na tafiya ne kawai, in aka ajiye takalmi a cikinsa da laima, kafin mako ya zagayo tsatsa ta ci kaifin. Ka zare shimfiɗar ciki ta sha iska, kuma duk bayan wata biyu ko uku ka sake sa shi ya taka ta, don ƙafar ɗan shekara biyar ba ta jiran kakar wasa ta ƙare.